Darasi na 14: Tarin Fuka na Ƙashin Baya da Yadda Ake Warkar da Shi Ba Tare da Tiyata Ba

A Tarka ba a ɗauki ciwon baya a bakin ciwo ba. Magidancin da ya wuni a duƙe cikin gonar gero, da matar da ta daka hatsin gida kafin hantsi, da saurayin da ya sha gargada a kan kabu-kabu daga Belbeji zuwa Tanut, kowannensu da tsamin baya yake kwana, gari na wayewa kuma ya koma bakin aikinsa. Shi ya sa idan mutum ya yi kukan baya sai a ce masa gajiya ce, ko kuwa sanyi ne ya kama shi. Galibi ma gaskiyar ke nan. Amma akwai wani ciwon bayan da hutu ba ya kawar da shi. Yana zaune wuri guda, mai shi na iya ɗora yatsa ya nuna maka gurbin. Ya fi tsananta da dare. Sai ya yi wata biyu, wata uku, mutum na ramewa, abinci ya fita ransa, da marece jiki ya ɗau ɗumi, da tsakar dare zufa ta jiƙa shimfiɗa ko da lokacin ɗari ne. In abu ya faɗi ƙasa ba ya iya sunkuyawa, sai dai ya durƙusa bayansa a sandare ya ɗauka. Wannan shi ne ciwon da za mu karanta yau.

Yadda tari yake komawa baya

Da yawa za su yi mamakin jin an haɗa tari da ƙashi. Ai tarin fuka a ƙirji muka san shi. Abin da ke kawo shi wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, wadda wani likitan Jamus mai suna Robert Koch ya bayyana wa duniya a birnin Berlin ranar 24 ga Maris 1882. Dalili ke nan da ya sa ake tuna cutar a wannan rana kowace shekara. Ƙwayar tana shiga ta numfashi ne idan mai tarin ƙirji ya yi tari ko atishawa a kusa. Tana sauka a huhu, amma ba lallai ta tsaya can ba. Jini na iya kwasarta ya kai ta wuya, ko ciki, ko kwanya, ko ƙashi, ta lafe shekara da shekaru ba ta yi motsi ba. Ranar da jiki ya yi rauni, saboda yunwa, ko haihuwa a kai a kai, ko ciwon suga, ko sida, ko tsufa, sai ta farka. Cikin masu tarin fuka na ƙashi da gaɓoɓi, kusan rabinsu a ƙashin baya ne abin yake kama su.

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera wani kan wani: 7 a wuya, 12 daidai ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a kwankwaso, sauran kuma sun manne da juna a can ƙasa. Tsakanin kowane biyu akwai guringuntsi mai kama da gammo, ta bayansu kuma akwai rami wanda laka ke bi daga kai zuwa ƙasa. Lakar nan ce ke kai saƙo ga ƙafafu, da mafitsara, da hanji. Cutar ta fi son ƙasan ƙirji da saman kwankwaso. Aikinta kuwa irin na gara ne a jikin ginshiƙin rumbu: daga waje itace na nan lafiya lau, ciki ana ci. Tana fara cin gaban ƙashin, ɓangaren da ke fuskantar ciki, ta haura gammon ta kama na kusa da shi. Idan gaban ya rufta, bayan na nan tsaye, sai mutum ya karyo gaba, wani ƙulli ya turo a gadon bayansa. Ƙusumbin da muke gani ga wasu ke nan, wanda ba da shi aka haife su ba.

Tsohuwar cuta ce. An ga alamarta a ƙasusuwan gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Wani likitan fiɗa na Ingila, Percivall Pott, ya yi bayaninta a rubuce a 1779, don haka za ku ji ma'aikatan lafiya na kiranta da sunansa, in ma sun rubuta da Faransanci a takardarku.

Nan Damargu akwai wata ƙofar da ya kamata a sani. Shanu ma suna yin tarin fuka, kuma irin nasu na iya shiga mutum ta ɗanyar madarar da ba a tafasa ba. Ga mu ƙasar kiwo, Fulani da Buzaye da Hausawa kowa na shan madara daga hantsa. Akwai kuma wata cutar dabbobi dabam, mai sa shanu da awaki ɓari, wadda ita ma ta madara take kama mutum, ta sa zazzaɓi da ciwon baya kamar wannan, alhali maganinta dabam ne. Saboda haka kada kowa ya yanke wa kansa hukunci a gida. Sai an auna.

Wane ne nasa yake "mai sauƙi"?

A nan ne mutane suka fi kuskure. Ba da yawan raɗaɗi ake auna sauƙin wannan ciwo ba. Wani yana ihu da dare, amma nasa bai yi nisa ba. Wani kuma zafin bai dame shi sosai ba, sai dai ya lura takalmi na suɓuce masa bai sani ba, ƙafa na yi masa nauyi wajen hawa amalanke. Na biyun shi ne cikin haɗari. Likita yana cewa ciwon na farko-farko ne idan mutum na tafiya da ƙafafunsa da ƙarfinsu, yana riƙe fitsari da bayan gida, ƙashi ɗaya ko biyu ne suka taɓu, bayan bai lanƙwashe sosai ba, kuma ginin bai girgiza ba. Mai irin wannan hali ba ya bukatar wuƙa. Abin da yake bukata shi ne magani, da haƙurin shansa har ƙarshe.

Ganewa tana farawa daga likitar gari. Ma'aikacin lafiya zai yi tambaya ko akwai mai tari a gida, ya ƙwanƙwasa bayan, ya gwada ƙarfin ƙafafu, ya ɗora mutum a sikeli. Zai nemi kaki a auna, domin wasu suna da shi a baya da ƙirji gaba ɗaya. Zai kuma ba da shawarar awon sida, wanda ake yi wa duk mai tarin fuka, ba don an zargi kowa ba. Daga nan a tura shi ɗaukar hoton baya, a asibitin gunduma ko Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, wanda ke kusan kilomita 150 kudu da Tanut. Sai dai a sani, a makonnin farko hoto na iya fitowa garau alhali gara na ciki, don ƙashi sai ya zaizaye sosai kafin hoton ya nuna. Idan likita ya ce a dawo a sake, ba cin kuɗi yake so ya yi ba. In akwai mugunya da za a iya zuƙowa da allura, ana sa ta a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Cikin ƴan sa'o'i take faɗin ko ƙwayar tarin fuka ce, da kuma ko irin mai taurin kan nan ce da ba ta jin babban maganin.

Yadda aka gano magani kaɗai ya isa

Kafin a sami magani, abin da likitocin Turai ke yi shi ne su kwantar da majinyaci shekara ɗaya, biyu, har uku, a ɗaure cikin siminti, a riƙa fitar da gadonsa rana. Wasu su tashi, da yawa su mutu. Maganin farko mai kashe ƙwayar, istireftomaisin, ya fito ne a tsakiyar shekarun 1940. Isoniyazid ya biyo baya a 1952, rifamfisin kuma a shekarun 1960. Da aka samu waɗannan sai gardama ta tashi tsakanin likitoci. Wasu suka ce dole a buɗe a kankare ruɓaɓɓen ƙashi. Wasu suka ce a ci gaba da kwantarwa. Wasu suka ce a ba da ƙwayoyi kawai.

Hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ce ta raba gardamar, da jerin gwaje-gwajen da ta shirya daga shekarun 1960 a ƙasashe dabam-dabam. A garin Masan na Koriya an raba yara kashi biyu: kashi ɗaya aka kwantar da su asibiti wata 6, ɗaya kashin suka riƙa karɓar magani suna komawa gida. A Pusan, can Koriyar dai, wasu aka sa musu rigar siminti wata 9, wasu ba a sa ba. A Bulawayo, cikin ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, wasu aka yi musu fiɗa aka kwashe ruɓa, wasu aka bar su da ƙwayoyi. Da aka bi su shekaru, sai aka tarar kwanciyar, da simintin, da kankarewar ba su ƙara wani abin kirki a kan magani ba. A Hong Kong ne, inda ƙwararru ke yin babban aiki na cire ƙashin su dasa wani, aka ga ƙashi ya fi saurin haɗewa, baya kuma bai cika lanƙwashewa ba. Amma wajen kashe cutar kanta, duk kanwar ja ce. Daga baya a Madras ta Indiya aka gwada rifamfisin da isoniyazid na wata 6 ko 9 ga mutanen da ke zuwa daga gidajensu, fiye da 90 cikin 100 suka warke. A Indiyar ne kuma wani likita mai suna Tuli ya wallafa tsarin da ya kira hanyar tsakiya a 1975: a fara da magani da hutu, a zuba ido, a ajiye wuƙa don wanda bai samu sauƙi ba. Mafi yawan asibitocin duniya a kan wannan suke har yau.

A lura da abu guda. Mutanen da aka yi waɗannan gwaje-gwaje a kansu masu iya tafiya ne. Ba a ce wanda ƙafafunsa suka shanye ya zauna gida da ƙwayoyi ba.

Ƙwayoyin da yadda ake shansu

Maganin zango biyu ne. A wata 2 na farko ana shan magani huɗu da aka cure cikin ƙwaya ɗaya: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol. Bayan nan a koma biyu, rifamfisin da isoniyazid. Tarin ƙirji a wata 6 ake gama shi. Na ƙashin baya kuwa ana ja masa lokaci, wata 9 zuwa 12, domin da wuya a tabbatar ƙwayar ta mutu a cikin ƙashi, kuma dawowarta a kusa da laka ba abin wasa ba ne. Ga yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wata 12 cur. Yawan ƙwayoyin da nauyin mutum ake lissafa shi, kuma in ya yi ƙiba ana iya ƙara masa. Shi ya sa ake ɗora shi a sikeli duk zuwa. Sau ɗaya ake sha a rana, da safe kafin a karya, da ruwa. A Nijar maganin tarin fuka kyauta ne, ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da cutar. Kuɗin mota da na hoto dai suna kan mai shi, kuma ba ƙananan kuɗi ba ne ga talaka, amma ƙwayar ba ta sayarwa ba ce.

Me ya sa huɗu? Cikin dubban dubatan ƙwayoyin cutar da ke jikin mutum, akwai ƴan tsirarun da magani ɗaya ba ya kashewa. In ɗaya aka ba da, su za su rage su hayayyafa. In huɗu ne, wadda ta tsere wa wannan sai wancan ya kama ta. Me ya sa watanni da yawa? Domin wasu ƙwayoyin barci suke yi, magani kuma ya fi cin wadda ta farka. Sai an yi ta bi kullum har ta ƙarshe ta motsa a same ta.

Idan fitsari ya koma ja-ja kamar ruwan goro, ko zufa da hawaye suka canza launi, aikin rifamfisin ne, ba jini ba ne, a ci gaba da sha. Ɗan tashin zuciya da ciwon gaɓoɓi a farko su ma ana samu, a gaya wa ma'aikacin lafiya ya taimaka. Zugi ko jin kamar tururuwa na bin tafin ƙafa yakan zo daga isoniyazid, ana kuma tare shi da bitamin B6, amma mai ciwon baya kada ya yanke cewa maganin ne, ya je a duba, domin laka ma haka take fara kuka. Abubuwa uku ne ake dakatar da sha a nufi asibiti a ranar saboda su: idanu sun yi rawaya irin na shawara tare da amai, gani ya dushe ko launi ya rikice, ko ƙuraje sun feso wa jiki har baki. Mai ciki da mai shayarwa suna shan maganin nan, barinsa ne ya fi cutar da su da abin da suke ɗauke da shi. Matar da ke shan ƙwayoyin tazarar haihuwa ko take da na dantse ta faɗa tun farko, don rifamfisin na rage musu ƙarfi, sai a sauya mata wata hanya.

Duk waɗannan magunguna ta hanta suke bi. Kada a ƙara mata kaya da giya, ko jiƙe-jiƙen sassaƙen da ba a san ƙarfinsu ba, ko ƙwayoyin masu talla a faranti ranar kasuwa. Biyu daga cikinsu sun fi ba ni tsoro. Na farko tramol: yana danne zafin, mutum ya koma ɗaukar dami da ƙashin da gara ta cinye, ga kuma jarabar da yake sawa. Na biyu ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Dangi sun ga ɗansu ya rame sai su sayo masa, alhali da yawansu garkuwar jiki suke kwantarwa, cutar ta sami fili. Maganin zafi ma likita ne zai faɗi wanne da kuma nawa.

Wata goma sha biyu a ƙasar Damargu

A ganina, wuyar wannan jinya a Tarka ba a cikin ƙwayar take ba, a cikin shekararmu take. Mu ƙaddara wani magidanci ya fara sha a watan Maris. Zuwa Mayu zazzaɓi ya tafi, yana cin tuwo, yana barci. Yuni ko Yuli ruwa ya sauka, maƙwabta sun fita shuka, shi kuma ga zuwa karɓar magani da zai ci masa wuni guda. Agusta rumbu ya yi ƙasa, ba kuɗin mota. Oktoba girbi. Nuwamba abokansa sun ɗaure kaya za su cin rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu wuraren haƙar zinari na arewa. In makiyayi ne, tun farkon damina garke ya yi arewa, kuma ba zai jira shi ba. Kowane lokaci da dalilinsa mai ƙarfi na bari. Ga irin maganar da ake yi a ɗakin awo:

"Likita, ai na warke. Wata uku rabona da jin komai."

"Alhamdu lillahi, Baba. Zafin ne ya tafi, cutar tana nan kwance. Saura wata bakwai."

"To ɗana, gonar fa? Wa zai nome mini?"

"Yara su yi noman bana, Baba. Kai ka zauna gindin itace ka riƙa nuna musu. In ka bari yanzu, baɗi ma ba kai za ka noma ba."

Wanda ya bar magani a tsakiya ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Cutar na iya dawowa, wani lokaci kuma ta dawo ba ta jin rifamfisin. Ita ma wannan tana da magani, Nijar na cikin ƙasashen da suka fara gwada gajeren tsarin jinyarta tun 2008 tare da ƙungiyar Damien ta Beljiyam, amma magungunan sun fi yawa, sun fi wahalar da jiki, kuma ba a kowace likita ake ba da su ba.

Dabarar ita ce a shirya wa shekarar tun ranar farko. A zaɓi mutum ɗaya a gida, ko mai faɗakarwar lafiya na gari, wanda zai ga an haɗiye kullum ya sa alama a kati. A liƙa shan da sallar asuba, abin da ba a mantawa. In tafiya ta zama dole, a faɗa wa likita da wuri ya rubuta takardar sauyin wuri, domin ana iya ci gaba da karɓa a Agadas, ko Maraɗi, ko Zinder, a Nijeriya ma kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka. Makiyayi ya yi magana a san yadda za a ba shi na tsawon lokaci. A ajiye ƙwayoyin cikin ledarsu, a inuwa, nesa da yara. In azumi ya faɗo cikin watannin, addini ya yi wa majinyaci rangwame ya sha ya rama. A tambayi malam, a tambayi likita, amma kada a tsallake ko rana ɗaya.

Hutu, ɗamara da abinci

An ce kwanciyar wata shida ba ta da amfani, ba a ce a koma aikin ƙarfi ba. A makonnin farko, lokacin da zafi ke da yawa, mutum ya kwanta a shimfiɗa mai tauri, tabarma da bargo sun fi katifar da ta lotsa. In zai tashi ya fara juyawa gefe, ya dafa da hannu. Da zafi ya lafa ya soma takawa cikin gida, sannan ƙofar gida, sannan masallaci, kullum ana ƙarawa kaɗan. Doguwar kwanciya tana narkar da tsoka, tana kawo gyambon kwanciya. Sallah a yi ta a zaune ko yadda aka iya, har likita ya ce a sunkuya.

Abin da za a bari na watanni shi ne duk mai dannawa, ko murɗawa, ko girgiza baya: daka, jan guga a rijiyoyinmu masu zurfi, ɗaukar jarka ko dami a ka, goyo, noma a duƙe, hawan raƙumi ko jaki, da doguwar tafiya a kabu-kabu. A nan mata sun fi shiga uku. Namiji in ya kwanta an san ba shi da lafiya. Mace kuwa da ta miƙe tsaye an miƙa mata taɓarya. Maigida da uwar miji da abokiyar zama su sani, matar da ke wata na huɗu a magani tana iya yin dariya da hira, amma ƙashinta bai haɗe ba tukuna. A kai hatsi inji, a nemo mai ɗebo ruwa.

Wani likitan zai rubuta ɗamarar baya mai tauri, ko abin wuya in a wuya ciwon yake, a sa na wasu watanni. Ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta miƙar da ƙusumbi. Tana rage zafi ne, tana kuma hana mutum sunkuyawa da garaje. Wanda bai samu ba kada ya ɗauka jinyarsa ta lalace. Wadda ta dace kuma ita ce wadda aka auna a jikin mai ita, ba ta aro ba.

Abinci kuwa babu wani na musamman da za a sayo daga birni. Fura da tuwo su ne tushe, a ƙara wake, gyaɗa da ƙuliƙuli, zogale, ƙwai, nama in an samu, da madarar da aka tafasa. Babu abin da aka hana ci saboda wannan ciwo. Ƙaruwar nauyi wata bayan wata ita ce alamar farko da ke nuna magani na ci, tun kafin hoto ya nuna. Hoton ma yakan yi jinkiri: a watannin farko yana iya nuna kamar ƙashin ya ƙara zaizayewa alhali mutum na samun sauƙi.

Kumburin da ba a yi wa sakiya

Wannan cuta tana tara mugunya, amma ba irin ta maruru ba. Kumburin ba ya zafi, ba ya ja. Yana iya fitowa a gefen gadon baya, ko ya gangara ta cikin tsoka ya ɓullo a matsematsi ko saman cinya, nesa da inda ciwon yake, har mutum ya kasa miƙe ƙafa sosai. Abin da aka saba shi ne a kira wanzami ya yi sakiya ko ya kafa ƙaho. Wanzamai suna da ayyukan da suka iya, wannan ba ya ciki. In aka huda shi da ƙarfe, ramin ba ya rufewa, sai ya yi watanni yana tsiyaya, wasu cututtukan kuma su bi ta nan su shiga. Yawancin irin wannan kumburi magani ne ke shanye shi a hankali. In ya yi girma, likita ya zuƙe shi da allura mai tsabta, wannan kuma ba tiyata ba ce. Haka maɗori: aikinsa karaya ce. Ƙullin da ya turo a baya ba targaɗe ba ne, kuma danna shi, ko taka shi, ko ja, na iya tura ruɓaɓɓen ƙashi kan laka, mutumin da ya zo da ƙafafunsa a mayar da shi a amalanke.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce magani ba ya mayar da ƙashin da ya riga ya rufta. Yana tsayar da ɓarna, ƙasusuwan da suka taɓu su manne su yi ƙarfi, amma ƙullin da ya fito yana nan, yana ma iya ƙaruwa kaɗan kafin ya tsaya. Ga babba, da an warke shi ke nan. Ga yaro ba haka ba: bayansa na iya ci gaba da lanƙwashewa yana girma, ko da cutar ta mutu. Don haka yaron da ya yi wannan ciwo a riƙa kai shi ana dubawa har ya gama tsawo.

Ranar da ba a jira

Akwai alamun da ke nuna jinyar gida ta ƙare. Ƙafafu sun fara rauni ko sandarewa, ko mutum na tuntuɓe ba dalili. Jiki ya mutu daga cibiya zuwa ƙasa. Fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba a sani ba, haka bayan gida. Ƙullin baya na girma a kan ido. Zafi na ƙaruwa bayan an yi makonni ana shan magani. In an ga ɗaya daga cikinsu, a kwantar da mutum a miƙe kan abu mai tauri cikin mota, a nufi babban asibiti a ranar, da katin magani a hannu. Kada a tsaya cewa Inna ce ta sha shi, ko jifa aka yi masa. A yi addu'a a hanya. Ko a wannan matakin da yawa suna sake takawa, wasu da magani da kwanciya a asibiti kawai, wasu sai an yi aiki an ɗauke abin da ya danne lakar. Abin da ke raba mai tashi da mai zama shi ne yawan kwanakin da lakar ta yi a danne. Wanda aka yi wa aikin ma sai ya cika watanninsa na ƙwayoyi.

Tambayar da ake yawan yi ita ce ko ana ɗauka. Ciwon da ke cikin ƙashi kaɗai ba ya tashi ya kama wani. Ba a raba wa mai shi kwano, ba a ƙaurace masa. Amma shi ma galibi daga wani ya samu, kuma mai yiwuwa wanin yana nan cikin gida yana tari. A kai duk mai tarin da ya wuce mako 2 a auna kakinsa, a kai yara ƴan ƙasa da shekara 5 a duba su, a kuma tabbata an yi wa jarirai lambar BCG da aka haife su, domin tana kare su daga munanan nau'o'in cutar.

Tambayoyi da aiki

1. Ta yaya za ka bambanta ciwon bayan gajiya da wanda ya kamata a kai asibiti?
2. Mutum biyu: ɗaya na kukan zafi amma yana tafiya daidai, ɗaya zafinsa kaɗan ne amma ƙafarsa na ja. Wanne za a fara sawa a mota, kuma don me?
3. Ku tattauna a aji: a garinku, wane wata ne ya fi wuya mutum ya je karɓar magani? Me dangi za su iya yi tun kafin watan ya zo?
4. Lissafi: majinyaci na shan ƙwaya 3 kullum. Ƙwaya nawa zai sha a kwana 60 na zangon farko?

Kafin darasi mai zuwa, kowane ɗalibi ya je likitar da ta fi kusa da shi ya tambayo inda ake awon kaki da inda ake karɓar maganin tarin fuka, ya rubuto sunan wurin da ranakun a littafinsa. In kuma akwai wani a gidanku ko maƙwabta da baya ya dame shi fiye da wata guda yana ramewa, kada ku tafi ku kaɗai, ku tafi da shi.